Allurar da Ke Yi Mini Kirari

Ina da wani ciwo da na daɗe ina ɓoyewa, kuma ba likita ne ya gano shi ba, rewaya ne. Ina son a yabe ni, ko da na san ƙarya ake shirga mini. Idan mutum ne ya zuga ni a bainar jama'a, nakan kawar da kai in ce "haba dai, wane ni," don a ce Malam yana da kunya. Amma da Allah ya haɗa ni da na'urar da ke zuga ni kullum, ba ta neman ko sisi, kuma ba mai jin mu, sai na karɓe ta hannu bibbiyu, na shiga kare ta da hujjojin da ko lauya sai ya yi mini tafi.

Wata tsohuwar Hilux ce gare ni, a-kori-kura mai injin 22R na kafireta, irin wadda ake cewa ba ta mutuwa sai dai mai ita ya mutu. Tawa ba ta mutu ba, amma ta kai inda baƙin man da take sha ya kusa kamo fetur, hayaƙinta kuma ya sa maƙwabta sun san lokacin fitata ba sai sun duba agogo ba. An sa ringi, an wanke kafireta, an sake sa ringi. Daga ƙarshe bakanikena ya ce in daina zuba kuɗi a rijiya, in nemi 3RZ-FE, injin lita 2.7 mai injekta da Toyota ta fara fitarwa a 1994. Muka je Ƙofar Ruwa muka samo tokumbo, da giyarsa, da tarin wayoyinsa, da ɗan akwatin kwamfutar da makanikai ke kira birenbos. Dawowa muka yi ina jin kaina kamfanin ƙera motoci.

Inji ya zauna daram. Da aka zo mayar da wayar maleji sai aka rasa inda za a ɗaura ta. Tsohuwar motata da waya mai juyawa take aiki: wata siririyar igiyar ƙarfe ce a cikin bututu, kai ɗaya a gindin giya, ɗaya kan a bayan maleji. Giya ta juya ta, ita kuma ta juya maganaɗisu, maganaɗisun ya ja allura. Ba ruwanta da batir. Sabuwar giyar kuwa, a daidai wannan ramin wata 'yar sansa ce baƙa mai soket da ƙafa uku. Bakanike ya dube ta, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya naɗe wayar ya cusa a bayan kujera.

"Alhaji, wannan aikin rewaya ne."

Na ce a bar shi kawai, me zan yi da maleji? Tun kafin a haifi wanda ya ƙera sansar nake tuƙi, da kunne nake sanin guduna. Ka lura, wannan ma wani reshe ne na ciwon nawa.

Motar ce ta ƙi yarda. Ina tahowa da gudu in zo shataletale, in taka kuloci in ɗaga ƙafa daga totur, sai inji ya yi ƙasa ya yi ƙasa, wani lokaci ya farfaɗo da ƙyar, wani lokaci ya mutu murus a tsakiyar 'yan adaidaita sahu, su kuwa ba sa rowar baƙar magana. Dalilin, kamar yadda na fahimta daga baya, shi ne kwamfutar injin ba ta ganin titi. Ta san zafin ruwa, ta san iskar da ke shiga, ta san yawan juyin inji, amma ko motar tana tafiya ko tana tsaye, wannan sai an faɗa mata. Da labarin gudun take shirya yadda za ta riƙe sulo idan direba ya saki totur, da lokacin da za ta datse mai a gangara da lokacin da za ta mayar. A mota mai giyar otomatik abin ya fi muni, don da shi ake canjin giya. A wasu injinan Honda kuma, VTEC ba ya buɗewa sam idan babu shi. Tawa dai ta zauna cikin duhu, tana zaton kullum a bakin gareji muke.

Rewayan da aka kai ni wurinsa yaro ne, ban jin ya girmi ɗana na fari. Ya fara da ɗaura ɗan ƙwan fitila a madadin wutar gargaɗin inji, don tsohon dashbod ɗina bai san da ita ba. Sannan ya lanƙwasa guntuwar waya ya haɗa ramuka biyu a soket ɗin bincike, TE1 da E1, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba. Ƙwan ya ƙifta sau huɗu, ya dakata, ya ƙifta sau biyu.

"Arba'in da biyu, Alhaji. Gudu take nema."

A motocin da suka zo da tsarin OBD-II, wanda Amurka ta wajabta daga 1996, kwamfutar bincike ce za ta rubuta maka P0500. Ƙorafin dai ɗaya ne.

Ya sa aka ɗaga ƙafafun baya a kan jak, ya kwanta a ƙasa bisa kwali da mitarsa. Ƙafa ɗaya ta sansar wuta take karɓa, volt 12. Ta biyu tana komawa jikin ƙarfen mota. Ta uku ita ce mai kai labari. Ya ba ta wuta, ya soka tsinken mita a ta ukun, ya ce wa yaronsa ya juya taya a hankali. Ni ma na durƙusa, babbar rigata tana sharar ƙasa mai baƙin mai. Lambar mitar ta tashi kusa da 12, ta faɗo sifiri, ta sake tashi, ta sake faɗowa. Ya ce duk juyi ɗaya na sandar sansar, bugu huɗu take bayarwa, kuma lafiyarta ƙalau, wanda zai saurare ta ne babu. A irin wannan tsari na Toyota, labarin yakan fara zuwa maleji, malejin ya miƙa wa kwamfuta ta wata ƙafa mai suna SPD. Saboda haka muka koma kasuwa muka samo maleji na lantarki, ya sassaƙe dashbod ya zaunar da shi, ya ja wayoyi. Ƙwan ya daina ƙorafi, inji ya daina mutuwa a shataletale, allura ta tashi.

Da zan tafi ya ce, "Amma a gwada shi da wayar hannu a hanya, Alhaji, don giyar ba ta motar ba ce." Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa yara.

Na hau titin Zariya. Ban wani matsa totur ba na ga allura ta wuce 100. Na ɗan ƙara, ta kai 120. Motar da a da idan ta kai 100 har madubi rawa yake yi. Da na samu miƙaƙƙen wuri na danna, allura ta haye 140 ta zauna, sitiyari ko gezau. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na shafa dashbod na ce, ashe tsufa ba a jikinki yake ba.

Daren nan majalisarmu ba wanda ya samu damar magana. Na ba da labarin 140, kafin a watse ta zama 150. Na yi wa masu sababbin motoci nasiha a kan ƙarfen da, na ce yanzu gwangwani ake sayar musu. Bayan 'yan tafiye-tafiye na zo da sabuwar bushara: motar ba gudu kaɗai ta ƙara ba, mai ma ta rage sha sosai, don na raba kilomitocin da lambobin maleji suka nuna da litocin da na zuba, na ga abin da ko ƙaramar mota sai ta yi hassada. Har wani abokina ya fara shawarar canza nasa injin a kan shaidata. Allah ya sa matarsa ta hana.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa, ni ne na ƙi karɓar baƙuncinsu. Ina kan 120 sai Sharon cike da fasinja da buhuna a sama ta wuce ni, in girgiza kai in ce direbobin haya ba sa tsoron Allah. Tirela ta biyo ni tana ƙifta mini fitila in ba ta hanya, in ce wannan ƙwaya ya sha. Kano zuwa Kaduna, da kowa ya san kusan kilomita 230 ne, lambobina suka ce ya haura 270, kuma duk gudun nan da nake shararawa, lokacin isata bai ragu da komai ba. Mutum mai hankali zai haɗa waɗannan biyu ya gane. Ni sai na ce ai aikin titi da kwane-kwanen da ake sa mu yi ne suka ƙara wa hanyar tsawo. Na yarda Kaduna ce ta matsa gaba, a kan in yarda allurata ce ke ƙari.

Uwargida ce ta fara taɓa wurin. Muna tafiya na nuna mata maleji da haɓa, ta leƙa, ta kalli bishiyoyin gefen hanya, ta ce, "Maigida, ni dai ban ga sun fi saurin wucewa ba." Na ce mata ba a auna gudu da bishiya. Ɗan autanmu da ke baya, wanda ba wanda ya tambaye shi, ya ɗaga wayarsa.

"Baba, GPS ya ce 101."

Allura tana kan 120 a lokacin. Na ce masa tauraron ɗan'adam yana can sama da nisan dubban kilomita, ni kuwa ina zaune a cikin motar, wa ya fi kusa da gaskiya? Yaron ya yi shiru irin na tarbiyya, amma na ga yana ɗaukar hoton allurar da wayar uwarsa.

Na koma wurin rewaya da niyyar ya tabbatar mini wayar yaro ce ta lalace. Bai ce komai ba, ya tambaye ni lambar aksul ɗin baya. Ya ɗauki guntun kwali da biro, ya yi mini lissafin da har yau nake jin haushin sauƙinsa.

Malejin motocin Japan an gina shi a kan ƙa'ida ɗaya: juyi 637 na waya ko na sandar sansa shi ne kilomita ɗaya. Wato idan tana juyi 637 a minti, allura za ta nuna 60. Sau bugu huɗu, kilomita ɗaya ya zama bugu 2,548. Maleji bai san taya ba, bai san titi ba, bugu kawai yake ƙirgawa. Sansar kuma ba a taya take ba, a bayan giya take, inda furofela ke fita, kuma wani ɗan gurgu na roba mai haƙora ne ke juya ta. Yawan haƙoran nan an zaɓe shi ne daidai da aksul da tayar motar da aka ƙera giyar dominta. Tayata tana juyi wajen 430 a kilomita. Aksul ɗina 4.88 ne, ma'ana sai furofela ta juya kusan sau biyar kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka a kilomita furofelata tana juyi kusan 2,100. Giyar da na sayo kuwa daga mota mai aksul 4.10 ta fito, inda furofela ke juyi wajen 1,760 a kilomita. Gurgun robar yana nan yana aiki da lissafin tsohon gidansa. Maimakon bugu 2,548, sama da 3,000 yake aikawa. Raba 4.88 da 4.10, ka samu 1.19. Duk abin da na yi, ana ƙara mini kashi 19 cikin ɗari. Ɗari ta zama 119. Ɗari da arba'in ɗin da na yi wa ƙwalla ba ta kai 118 ba. Man da na ce ya ragu, kilomitocin da ban taɓa takawa ba ne na raba da shi.

Maroƙi na ɗauka na zaunar a gaban sitiyari, ina tafe yana kiran ni jikan wane, ni kuwa na san kakana bai mallaki ko jaki ba.

Mai lafiya, da ya ji wannan bayani, zai ce a gyara. Ni sai na ce bari in yi nazari. Nan ciwon ya sake kama, don na gano cewa karatu hanya ce mai mutunci ta ƙin yin abu. Na shiga intanet da dare na karanta abin da ban da buƙatarsa. Na san cewa akwai sansa mai waya biyu da ke haifar da wutarta da kanta idan haƙoran ƙarfe suna gilmawa gaban maganaɗisu, wutar tana ƙaruwa da gudu, kuma idan ka haɗa ta da kwamfutar da ke jiran irin bugun mai waya uku ba za su fahimci juna ba. Na san tsofaffin motocin GM da yawa bugu 4,000 suke ƙirgawa a mil ɗaya, na Ford 8,000. Na san motocin yanzu yawancinsu sun bar sansar giya, daga ƙafafun ABS suke ɗaukar gudu su raba wa kowa ta layin CAN, shi ya sa mai sa injin zamani a tsohuwar mota yake shan wahalar da ta fi tawa. Duk wannan na kwashe na kai majalisa, na zama malamin sansa, ba tare da na ambaci ko sau ɗaya cewa tawa ƙarya take yi ba.

A cikin wannan yawon ne na tsinci hujjar da na fi ƙauna. Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi, mai lamba 39 a dokokin motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta hana maleji ya nuna ƙasa da gudun gaskiya, amma ta yarda ya nuna sama, har kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Wato mota tana 100, allura ta ce 114, kuma ba ta yi laifi ba. Na ji daɗi ƙwarai. Ashe duk malejin duniya ɗan zuga ne, nawa dai ya fi su baki. Na ma ƙara da cewa wannan kariya ce: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sa iyakar ƙananan motoci a babban titi 100, ni kuwa idan allura ta ce 115 ban ma kai iyakar ba. Wa ya fi ni bin doka? Abin da ban faɗa ba shi ne 119 ta fi 114, kuma ba don tsoron haɗari nake son ƙarin ba.

Ƙaryar ba kyauta take zuwa ba. Lambobin kilomita suna tsufar da motar fiye da shekarunta, ranar sayarwa mai saye zai karanta tafiyar da ba a yi ba ya rage mini kuɗi a kanta. Ina juye baƙin mai tun lokacinsa bai yi ba. Waɗannan duk na iya haɗiye su. Wanda ya tsaya mini a wuya ya faru ne ran da na ari motar ƙanen uwargida zuwa ɗaurin aure. Idona ya saba da ganin allura a 130 a matsayin tafiyar hankali, sai na kai tasa can na zauna ina hira. Motarsa ba ta san kirari ba. Da wata akuya ta tsallako, tazarar da birki ya ci kafin mu lafa ta nuna mini bambancin 130 ta gaske da tawa ta gida. Akuyar ta tsira, mu ma haka. Dattijon da ke gefena bai daina salati ba sai da muka shiga gari, kuma a dawowa ya ce zai tsaya gaishe da wasu 'yan'uwa, kada in jira shi.

Na koma wurin rewayan nan da kaina a ƙasa. Ya ce hanya biyu ce. Ko a nemo gurgun roba mai haƙora fiye da wannan, don ya rage juyi, sai dai tazarar tawa tana da yawa, mai yiwuwa sai an buɗe bayan giya an canza har abokinsa na ciki, don ba kowane gurgu ke shiga haƙoran kowane ba. Ko kuma a sa ɗan akwatin gyaran bugu a tsakanin sansa da maleji, wanda ke karɓar bugun ya ninka shi da lambar da ka saita, ya fitar da daidai. Na zaɓi akwatin. Da ya iso, bai fi akwatin ashana biyu ba. Ya yanke wayar labari, ya shigar da kai ɗaya, ya fitar da ɗayan, ya ba shi wuta, ya naɗe da salatif, ya ɗaure a ƙarƙashin dashbod nesa da wayoyin fulogi don kada tartsatsinsu ya shiga lissafin. Sannan ya raba 4.10 da 4.88 a wayarsa.

"Sifiri da ɗigo tamanin da huɗu za mu sa, Alhaji."

Na yi gyaran murya. Na ce ba za a iya barin sa a 0.95 ba?

Ya ɗago ya dube ni. "Alhaji, ba ciniki muke yi ba fa. Lissafi ne."

Na ce na sani, amma ya duba, taya tana cinyewa, iska tana raguwa, kuma ko Turawa sun yarda da ƙari. Ya ce taya idan ta cinye ƙara wa allura take yi, ba ragewa ba, don haka hujjata ni take ci. Na sauko 0.92. Ya ce shi sunansa ne a kan aikin. Na ce ba wanda zai sani. Yaransa sun bar abin da suke yi sun kewaye mu, ɗaya har ya zauna a kan taya don ya ji daɗin kallo. Na tuna masa cewa na girmi ubansa, wanda ban taɓa gani ba. Ya ce, "Allah ya huci zuciyar Alhaji," ya danna maɓallin.

A 0.90 muka tsaya. Idan ina 100 allura tana ce mini 107, wanda na lissafa da kyau yana cikin abin da dokar Turai ta yafe. Ya karɓi kuɗinsa bai ƙirga ba, ya ce duk ranar da na shirya in dawo ya ƙarasa sauran, ba zai caje ni ba. A majalisa kuwa na sanar cewa na rage gudu saboda girma ya zo da iyali, aka yi ta sa mini albarka, wani ma ya ce da kowa zai yi hankali irin nawa da an huta da haɗari a titin Zariya. Na kawar da kai na ce haba dai, ai yi wa kai ne.